Maɓallan Wili da Masarar Ishaya

Tun da na dawo daga Ingila matan zumunta suka hana ni sakat. Duk ranar da aka tashi daga taro sai an kewaye ni a bakin coci: "Mama Saratu, yaya ƙasar Turawa? Da gaske ne ana kwana da kwanaki ba a ga rana ba?" Wasu kuma na san ba Ingilar ce ta dame su ba, yaron da na dawo da shi ne, dogon nan da yake jingina da mangwaro ba ya gaida kowa. Na yi ta ce musu sai na huta. To, na huta har damina ta yi nisa, don haka bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta, a ƙyale ni.

Ga wanda bai san ni ba, aikin kula da ɗakin kwanan ɗalibai na yi a wata makaranta a Zariya har na yi ritaya. Ban da 'ya'yan makaranta, na riƙe 'ya'yan dangi da yawa a gidana na Wusasa. Duk wanda ɗansa ya gagare shi wurina yake kawowa, kuma ban taɓa mayar da yaro yadda aka kawo shi ba. Ina taƙama da wannan, ba na ɓoyewa. Shi ya sa da ƙanena Bitrus ya kira ni daga Birmingham ban yi mamaki ba. Bitrus direban bas ne a can, matarsa Rahila nas ce. Ɗansu ɗaya tilo, Ishaya, mai shekara goma sha uku, haifaffen can ne, bai taɓa taka Najeriya ba.

Bitrus ya ce, "Yaya, yaron nan ya fi ƙarfinmu. An kama shi da kayan shago, police sun ba shi caution, wato gargaɗi a rubuce. Yanzu kuma an ga wuƙa a jakarsa, school sun yi excluding ɗinsa, sun kore shi. Ki zo ki tafi da shi."

Na ce, "Shi ya san da maganar?"

"Mun ce masa holiday ne, sati biyu. In kun isa sai ki ɓoye passport ɗinsa. Haka kowa yake yi a nan."

Ban ga laifin wannan ba ko kaɗan. Riƙo ai ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ni kaina goggona ce ta riƙe ni, kuma ba wanda ya zaunar da ni ya nemi shawarata. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na ce ya nemo min biza.

Ana tsakiyar bazara na tashi. Motar haya na shiga zuwa Abuja, direban ya danne akwatina da buhun albasa, saboda haka har Ingila tufafina suna warin albasa. Cikin akwatin akwai kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji da kilishi, don Rahila ta ce bakinta ya gaji da abincin kanti. A jirgi kusa da wata yarinya na zauna, wadda ta toshe kunnenta tun daga tashi har sauka. Na gaishe ta, na sake gaishe ta, na haƙura. Muka sauya jirgi a wata ƙasar Larabawa, ƙafafuna suka kumbura, na sauka Manchester na take bayan takalmi ina ja.

A wurin duba fasfo wata budurwa ce zaune a cikin gilashi. Ta tambaye ni me na zo yi, na ce ziyara. Ta ɗago ta ce, ziyara kawai? Na ce ziyara kawai. Bitrus ya riga ya ja min kunne kada in ambaci yaro, wai hukumar ƙasar ba ta san riƙo ba, tana iya cewa sace shi za a yi. A raina na ce, goggo ce za ta saci ɗan ƙanenta? Ina cikin wannan wasi-wasi wani kare ya zo ya zauna gaban akwatina ya ƙi tashi. Jami'in ya kwance ƙullin daddawa ya kai hanci, ya ja da baya, ya tambaye ni ko wani abu ne ya mutu a ciki. Na ce masa wannan ita ce ran miya. Ya mayar min da ita da sauri. Kilishin kuwa ya jefa a kwandon shara a kan idona, wai ba a shiga da nama. Kilishin da na sa aka yi min musamman. Har yau in na tuna sai na ji ɗaci.

Bitrus bai samu wanda zai karɓe shi a aiki ba, don haka ya kama min masauki a unguwar Old Trafford, ya ce washegari in hau babbar bas zuwa Birmingham. Ranar kuwa ana wasan ƙwallo, titi ya cika da maza suna waƙa cikin ruwan sama, mai tasi ya ajiye ni nesa ya nuna min gidan da yatsa. Masaukin ba mai gida, ba mai gadi, ba wanda zai ce maka sannu da zuwa. Makullin yana cikin wani ɗan akwatin ƙarfe mai lambobi a jikin bango. Yatsuna sun ƙage don sanyi, tabarauna ya yi hazo, na yi ta murɗawa abu ya ƙi. A gida ko maƙiyinka ya gan ka tsaye cikin ruwa zai ce shigo. Nan mutane suka yi ta wucewa kamar ni ma turken fitila ce.

Wani tsohon Bature ne ya leƙo ta taga, ya sauko ya buɗe min. Dogo ne, mai farin gashi, yana ɗingishi da sanda. Sunansa Mista Denis. Da safe muka haɗu a kicin, don kowa shi yake haɗa wa kansa karin kumallo. Ya buɗe gwangwanin wake ya ɗumama ya zuba min a kan burodi. Na kai loma na ji sukari. Wake da sukari. Na ɗauko yajina na barbaɗa, shi ma ya ce in ɗan sa masa, na gargaɗe shi bai ji ba. Ya yi tari har hawaye, ni kuma na yi dariyata ta farko a ƙasar.

Na ce, "Ku mutanen nan ba ku saba ba."

Ya ce, "Ni ba mutumin nan ba ne, baƙo ne kamar ke. Daga Tasmaniya nake, wani tsibiri a ƙasan Ostireliya. Da daɗewa aka kori kakan kakata daga ƙasar nan. Na zo in ga inda aka ɗauke shi kafin ƙafar nan ta ƙare."

Shi ma Birmingham za shi, sai muka hau bas ɗaya, kujera ɗaya. Turancinsa ta hanci yake fita, sai na karkata kunne, amma tafiya ta kusan awa uku ta ishe mu. Hanyar ba abin kallo, sararin sama toka-toka, tumaki a jiƙe. A nan ya fara ba ni labarin Wili, kakan kakar tasa.

Wili shekararsa goma sha ɗaya. Ubansa ya mutu, uwarsa tana wankau, shi kuma yana aiki a wata maƙera a unguwar Aston ta Birmingham inda ake buga maɓallan tagulla. Ya ɗibi maɓallai ya zuba a hularsa don ya musanya da burodi. Karo na biyu ke nan da aka kama shi, sai alƙali ya yanke masa shekara bakwai a bayan teku. A zamanin haka ake yi, ƙasar ta ga gidajen yarinta sun cika, sai ta riƙa kwashe masu laifi, manya da yara, tana kai su can ƙarshen duniya. Uwar ta zo ta same shi a inda aka tsare shi, yana riƙe da ƙarfen taga yana kuka. Ta ce masa, yi shiru, gobe zan zo in tafi da kai gida. Ya yi shiru. Washegari keken doki ne ya zo.

Aka kai shi wani tsohon jirgin ruwa da ya daina tafiya, an ɗaure shi a kogi an mai da shi kurkukun yara. Aka aske shi ƙwal, aka ba shi allura ya riƙa ɗinkin tufafin fursuna, ba a yarda a yi magana ba. Manyan yara su doki ƙanana su ƙwace musu abinci. Kullum in an buɗe ƙofa Wili sai ya miƙe, yana zaton uwarsa ce. Daga nan aka loda su a jirgin da zai tsallaka teku, wata da watanni suna kulle a ƙasa, sai an ga dama a fito da su su sha iska. Yaron da suke kwana kafaɗa da kafaɗa ya mutu, aka ɗinke shi a tsumma aka jefa a ruwa. Duk da haka Wili ya ƙulla a ransa cewa uwarsa ta riga shi yin gaba, tana can tana jiransa a inda za a sauka.

Mista Denis ya tsaya nan don mun shigo gari. Na ji tausayin yaron, amma ba zan yi muku ƙarya ba, ban haɗa labarin da abin da ya kawo ni ba. Wancan ɓarawo ne hukuma ta kora, nawa kuwa ɗa ne za shi gidan goggonsa. Muka karɓi lambar juna, Bitrus ya zo ya ɗauke ni.

Gidansu a unguwar Erdington yake, siriri kamar an matse shi tsakanin maƙwabta, matakala a bakin ƙofa. Bitrus ya rame, furfura ta fito masa. Rahila ta dawo daga aiki ta rungume ni ta fashe da kuka, ta ce albasa take ji, warin gida. Ishaya bai sauko ba sai da aka kira shi aka sake kira. Ya fi ubansa tsawo, hular rigarsa a ka, ya ce min "Hiya", wai gaisuwa ke nan, a tsaye, hannu a aljihu. Na ce a raina, za ka ga hiya. A gidan kowa cin abincinsa yake shi kaɗai. Uban ya fita da asuba, uwar ta dawo ta kwanta, yaro yana sama ƙofa a rufe. Ba maƙwabciyar da za ta tsawata masa, ba kawu, ba inna. Mu muna cewa ɗa na kowa ne. Can ɗa na waya ne da titi.

Abin da ban shirya masa ba shi ne murnar yaron. Kwana biyu da zuwana ya fara saukowa yana tsayawa a bakin kicin yana min tambayoyi da Turancinsu na Birmingham, mai tauna rabin kalma. Akwai birai a Zariya? Zai ga gidan da aka haifi babansa? Ya nuna min rigunan ƙwallo da ya ware cikin nasa zai kai wa 'yan'uwa. Ya ce in koya masa gaisuwa kada a yi masa dariya. Yana cewa "ina kwana" kamar yana tauna dutse, yana dariyar kansa. "Goggo" ma "Gogo" yake cewa. Ya ce sati biyu ya yi kaɗan, amma dole ya dawo don an yi masa alkawarin wata makaranta za ta karɓe shi. Na ce Allah ya kai mu, na ci gaba da yanka albasa.

Sai ga Mista Denis ya kira, ya ce ya ɓata a Aston, ya kasa gane layin gidan su Wili da yake nema. Ishaya yana zaune ba makaranta, na ce ya raka ni. Muka same shi a tashar bas, sanda a hannu, ruwa na ɗiga daga hularsa. Abin da ya sani kawai shi ne abin da kakarsa ta gaya masa: layi ne kusa da magudanar ruwan da jiragen kaya ke bi, akwai famfo a tsakar gida, ko'ina warin tagulla. Ishaya ya zaro waya ya yi ta dube-dube, ya haɗa tsohuwar taswira da sabuwa, ya shige gaba muna binsa, tsoho da tsohuwa. Yana tafe yana tambayar me muke nema, Mista Denis ya maimaita masa labarin daga farko.

Ishaya ya tsaya cak ya ce, "For buttons? Shekara bakwai saboda maɓalli?"

Inda waya ta kai mu ba layi, ba famfo, ba gida ko ɗaya. Ƙarƙashin wata gadar sama ce, motoci na ruri a kanmu, gefe wurin ajiye motoci, ƙasa duk gwangwanaye da kashin tattabaru. Muka fake a nan, Mista Denis ya ƙarasa labarin, inda na kasa ji Ishaya ya maimaita min.

Da jirgi ya isa tsibirin, ba uwa a bakin ruwa. Aka kai Wili kurkukun yara a wani tsinin ƙasa da teku ya kusan kewayewa. Suna fasa dutse, suna ɗaukar gungumen itace a kafaɗa, da yamma a koya musu karatu da sana'a. Shi ɗinkin takalma aka ba shi. Wanda ya yi laifi ko dai bulala ko ɗakin duhu, burodi da ruwa, ba ka ganin tafin hannunka. An sha kulle Wili a ciki saboda yawan tambaya. Don kada hankalinsa ya gushe, sai ya cizge maɓallin rigarsa ya jefa cikin duhun, ya rarrafa yana laluɓe har ya samu, ya sake jefawa. Haka zai yi ta yi har a buɗe.

Ishaya ya ce, "Da ya gama shekara bakwai ɗin ya dawo?"

"Wa zai dawo da shi? Kai mutum ake yi, ba a dawo da shi. An sake shi a can, ya buɗe rumfar takalma, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya. Amma duk ranar da aka ce jirgi ya zo daga Ingila sai ya rufe rumfa ya tafi bakin ruwa, yana tambayar masu sauka ko akwai ɗan Birmingham, ko an san wata mai wankau a Aston. Har ya tsufa idonsa ya mutu. Kakata tana ƙarama ita take ja masa hannu zuwa can."

Ni da bakina ba ya shiru na ce, "Amma ai ka ga ya zama mutum. Ya samu sana'a, ya samu iyali. Da an bar shi a nan ƙila da ɓarawo ya ƙare."

Mista Denis ya ce, "Ƙila. Kakata ta ce bai taɓa zagin alƙalin ba, bai taɓa zagin masu bulalar ba. Abu ɗaya ne ya hana a gidansa. Ba wanda ya isa ya ce wa yaro gobe. In za ka ba shi, ba shi yanzu. In ba za ka ba shi ba, ka gaya masa ba za ka ba shi ba. Har a gidanmu haka aka tashe mu."

Na ce, "Uwar nan ba ta kyauta ba." Da ƙarfi na faɗa, da zuciya ɗaya.

Tsohon ya cire hularsa ya tsaya yana kallon kwalta. Ya ce, "To, Wili, ga Aston." Ban ce wa Ishaya komai ba, na ga shi ma ya zame hular rigarsa. A bas ɗin komawa ya zauna kusa da ni, ba a can baya ba, yana ta maganar maɓallin nan na ɗakin duhu. Na kalli wuyansa, siriri, na yaro, na tuna rigunan ƙwallon da ya ninke.

Washegari da safe na tare Bitrus a mota kafin ya tafi aiki. Na ce ba zan tafi da yaro a kan ƙarya ba.

Ya ce, "Yaya, in ya sani ba zai hau jirgi ba. Zai kira social services, hukumar kula da yara, ko ya gudu wurin yaran titin nan da yake yawo da su."

"To ka bar shi a gabanka. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

Bitrus ya kifa kansa a sitiyari. Ya ce ɗan wata 'yar cocinsu, sa'an Ishaya, an soke shi a tashar bas da rana tsaka, yana sanye da kayan makaranta. "A route ɗina ne, Yaya, hanyar da nake bi da bas. Kullum sai na tsaya a bus stop ɗin, ina ganin flowers da aka ɗaure a jikin ƙarfe. Sun bushe, an sa sababbi, sun bushe. Yaran da suka ba Ishaya wuƙar nan sun san gidan nan. Gara yana raye yana ƙina." Ban taɓa ganin ƙanena yana kuka ba tun rasuwar babanmu. Shi ma gaskiyarsa ce. Na ce zan tafi da yaron, amma sai ya gaya masa da bakinsa.

Ranar Lahadi bayan coci na yi tuwon shinkafa da miyar kuka, na ce yau kowa a tebur ɗaya. Bitrus ya yi ta juya loma. Can ya faɗa, rabi Hausa rabi Turanci, idonsa a kwano: ba hutu ba ne, zama zai yi wurin Goggo. Rahila ta tashi ta tsaya gaban wurin wanke-wanke ta ba mu baya. Na zaci yaron zai yi ihu ko ya fasa wani abu. Bai yi ba. Ya ajiye cokali, don da cokali yake cin tuwo, ya ce, "How long?"

Bitrus ya ce, "Sai ka shiryu."

Ishaya ya juyo ya dube ni, ba ubansa ba. Ya ce, "Shi Wili ai an gaya masa. Shekara bakwai. Ni nawa?"

Ni ce babba a wurin. Na ce, "Ka saurare ni. In mun isa, ruwa zai sauka, za mu shuka masara a bayan gida. Ranar da ta ƙosa muka gasa muka ci, ni da kaina zan dawo da kai." Ya tambayi wata nawa ke nan, na ce damina ɗaya ce. Ya dubi ubansa, Bitrus ya gyaɗa kai. Na ga ya gyaɗa, Rahila ma ta gani.

Ta Manchester muka koma. Rahila ba ta raka mu ba, ta ce ba za ta iya ba. A filin jirgi Bitrus ya miƙa hannu zai rungume shi, yaron ya tsaya kamar itace har ya gama. Bai waiwaya ba. A jirgi bai ci komai ba, bai yi barci ba, idonsa a kan ɗan allon da ke nuna inda jirgi ya kai. Mista Denis ya aiko min saƙo cewa ya isa gida lafiya, yana gaida yaron kirki da ya nemo masa Aston. Na nuna wa Ishaya, ya karanta ya miƙo min wayar.

Sauran kun gani da idonku. Zafi ya kwantar da shi, sauro ya yi biki, 'yan'uwa suka karɓi riguna suka yi ta kwaikwayon maganarsa har ya daina magana. Na riƙe yara masu taurin kai, masu sata, masu fitsarin kwance, duk na san maganinsu. Wanda ba ya musu, ba ya kuka, aike kawai yake zuwa ya dawo ya zauna, wannan ban san maganinsa ba. Ranar da aka yi ruwan farko kuwa, tun kafin ya ɗauke ya zo ya ce, "Gogo, ina fartanya?" Da Hausa ya faɗa. Hannunsa ya yi kanta, ya fashe, ya warke. Shi ya yi noman farko, shi ya yi maimai, ya zuba taki, ya kewaye da ƙaya saboda awakin maƙwabta. Ban taɓa samun masara mai kyan ta bana ba.

Makon jiya Bitrus ya kira. Ya ce yaran nan sun zo har ƙofar gida suna tambayar ina Ishaya, an fasa masa gilashin mota. Ya ce in sa shi makaranta a nan har ya gama sakandare. Na tuna masa ya gyaɗa kai, na ce alkawari kaya ne. Ya ce, "Na sani, Yaya. Amma in kin dawo da shi yanzu, kabarinsa kika kawo shi." Rahila ta karɓi wayar tana ta kuka. Fasfonsa yana ƙasan akwatina cikin zannuwa. Bizata ta ƙare. Ko da tana nan, zan kai yaro ƙofar da aka ce min mutuwa na jiransa? Na yi niyyar zaunar da shi in gaya masa. Kullum in na tashi da niyyar, sai in hango shi cikin masarar yana bin ta layi-layi.

Yau da safe ina shara ya shigo da guda ɗaya a hannu, gemunta ya bushe, ya ɗan ɓare bawon. Ya miƙo min ya ce, "Gogo, ta yi?" Na karɓa na danna ƙwaya da farce. Ta cika, ta ƙosa, irin wadda ake ɗorawa a garwashi a ranar. Shekara nawa ina noman masara, ba na bukatar a gaya min. Yana tsaye yana kallon bakina, idon nan kamar na ubansa yana yaro.

Na tuna matar nan mai wankau a bakin tagar ƙarfe, wadda na yi wa hukunci a ƙarƙashin gada da babbar murya. Na ja bawon na rufe masarar, na miƙa masa.

Na ce, "Saura kaɗan. Mu duba gobe."